Tarihin ma'aunin «ingancin hoto» a ƙananan kamarorin dijital (1969-2023)

0. Gabatarwa

A shekarar 2010 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kamara ta ƙasar Japan, wadda aka sani da CIPA, sun fitar da kamarorin dijital sama da miliyon 121 zuwa kasuwannin duniya. Kusan miliyon 109 daga cikinsu ƙanana ne, irin waɗanda ake sakawa aljihu, masu ido ɗaya da ba a cire shi. A shekarar 2023 adadin ƙananan bai kai miliyon 2 ba. Ke nan cikin shekara goma sha uku hajar da ta cika shaguna ta kusa ɓacewa, alhali kuwa hoton da take fitarwa a ƙarshen ya fi na kowane lokaci kyau. Wannan kaɗai ya isa ya sa a tambayi abin da ake nufi da «ingancin hoto», da wanda ya auna shi, da kuma ma'aunin da ya yi amfani da shi.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi tarihin wannan ma'auni daki-daki, mu nuna cewa kalmar «inganci» ta sauya ma'ana har sau huɗu ba tare da an sanar da mai saye ba. Maganar ta shafi masu bincike kai tsaye, domin babban kaso na hotunan da aka ɗauka a duniya daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2010, har da na aikin bincike a ƙauyuka da ɗakunan ajiyar takardu, daga waɗannan kamarori suka fito. Wanda zai kafa hujja da su ya kamata ya san abin da na'urar ta gani, da abin da ta zubar, da abin da ta ƙara daga lissafinta.

Ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Abin da ake kira «capteur» da Faransanci mun kira shi farantin haske, ko faranti a taƙaice. «Pixel» mun kira shi ɗigo, megafiksel kuwa ɗigo miliyon ɗaya ne. «Objectif» shi ne idon kamara. Burbuɗin da ke ɓata hoton da aka ɗauka cikin duhu, wanda ake kira «bruit», mun ba shi suna tsaki, muna nufin tsakin gari da ke saura bisa rariya.

1. Zamanin gwaji (1969-1994)

1.1. Tushen al'amarin yana Amurka. A 1969 Willard Boyle da George Smith, ma'aikatan ɗakin bincike na Bell Labs, suka ƙirƙiro farantin da ake kira CCD. Haske in ya faɗa kan kowane ɗigo sai ya tara ƴar wutar lantarki gwargwadon yawansa, sannan a riƙa miƙa wutar daga ɗigo zuwa ɗigo har bakin faranti inda ake auna ta, tamkar yadda magina ke miƙa kwanon ƙasa hannu da hannu. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fizik a 2009. A watan Disamba na 1975 wani matashin injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kamara da farantin kamfanin Fairchild mai ɗigo 100 a tsaye, 100 a kwance, watau dubu 10 gaba ɗaya. Nauyinta kilo 3,6 ne, hotonta baƙi da fari, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta gama rubuta hoto guda a kaset. A wannan mataki inganci yana nufin abu ɗaya tak: a gane fuskar wanda aka ɗauka.

1.2. Abubuwa biyu na wannan zamani sun bi kamarar har ƙarshenta, don haka za mu tsaya a kansu. Na farko shi ne rariyar launi ta Bryce Bayer, shi ma ma'aikacin Kodak, wadda aka yi wa rajista a 1976. Faranti ba ya ganin launi, yawan haske kawai yake ƙidayawa. Bayer ya rufe kowane ɗigo da ƴar matata mai launi ɗaya: rabin ɗigogin tsanwa, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Sakamakon haka, a kowane wuri na hoto launi ɗaya cikin uku aka auna. Sauran biyun na'ura ce ke kintata su daga maƙwabta. Ke nan kashi biyu cikin uku na bayanin launin da ke cikin hoton dijital na yau da kullum lissafi ne.

Na biyu shi ne tsarin matse hoto na JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, kuma ya dogara bisa wata dabarar lissafi da Nasir Ahmed da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 1974. Ana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, sannan a zubar da ƙananan bambance-bambancen da aka ɗauka idon ɗan Adam ba zai yi kewarsu ba, musamman na launi. Ta haka hoto kan koma kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Abin da aka zubar ba ya dawowa.

1.3. Tsakanin nan Japan ta shigo. Sony ya nuna Mavica a 1981, sai dai ita hoton talabijin take daskarewa a faifai, ba ta mayar da shi lambobi. Fuji ya nuna DS-1P a baje kolin Photokina na 1988, mai ajiye hoto a kati. A 1991 Kodak ya fitar da DCS 100 mai megafiksel 1,3 bisa jikin Nikon F3, domin ƴan jarida, a farashin da ya kai na mota.

2. Lokacin da ƙidaya ke faɗin gaskiya (1994-2002)

2.1. Kamarori biyu suka buɗe kasuwar jama'a, kuma kwatanta su yana da amfani. QuickTake 100 ta kamfanin Apple (1994) tana ɗaukar ɗigo 640 sau 480, tana riƙe hoto takwas kawai a wannan girma, ana sayar da ita dalar Amurka 749, ba ta da allon kallo. QV-10 ta kamfanin Casio (1995) ɗigo 320 sau 240 take ajiyewa, watau rubu'in na QuickTake, ba ta ma da fitilar walƙiya. Amma tana da ɗan allo a baya inda mutum ke ganin hotonsa nan take, ya goge wanda bai yi ba. Ita ce ta yi kasuwa, ita kuma sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Haka nan Mavica ta 1997, mai rubuta hoto a faifan kwamfuta na inci 3,5, ta samu karɓuwa ƙwarai a Amurka duk da raunin hotonta, saboda faifan yana shiga kowace kwamfuta ba tare da waya ko wata manhaja ba. Tun daga farko ke nan sauƙin aiki ya kan rinjayi kyan hoto wajen mai saye. Za mu sake cin karo da wannan a sashe na 5.

2.2. Duk da haka, a waɗannan shekaru yawan ɗigo ma'auni ne na gaskiya, kuma lissafin a bayyane yake. Masu ɗab'i sun saba ɗaukar ɗigo 300 a inci guda, kusan 118 a santimeta, a matsayin iyakar abin da ido ke tantancewa a takardar da ke hannu. Bisa wannan ƙa'ida hoton QV-10 zai fito santimeta 2,7 sau 2, ƙasa da hoton katin shaida. Na QuickTake zai kai 5,4 sau 4. Hoton da aka saba wankewa, mai santimeta 10 sau 15, yana buƙatar ɗigo kusan miliyon 2. An kai wannan mataki a 1999 da irin su Nikon Coolpix 950, sannan a 2000 Canon ya saka megafiksel 2 cikin ƙaramin jikin ƙarfe na Digital IXUS. Daga 1995 zuwa 2000 duk ƙarin ɗigo ido yana ganinsa a takarda, mai saye kuwa ya koyi darasin: babbar lamba ita ce kyakkyawan hoto. A 2002 yawan kamarorin dijital da kamfanonin Japan suka fitar ya zarce na masu aiki da fim.

2.3. Inda ƙaramar kamara ta daɗe tana ciwo shi ne jinkiri. Domin ta daidaita ido, sai ta riƙa tura gilashi gaba da baya tana neman inda hoto ya fi fitowa tas, wannan kuwa kan ci rabin sakan ko sakan guda tsakanin danna maɓalli da ɗauka. Kafin nan yaro ya juya, doki ya wuce. Kunna ta ma sai an jira, kuma tana shan batir kamar ruwa. Babu ɗaya daga waɗannan da ake rubutawa a kan kwali. Duk da wannan rauni, a 2003 Alex Majoli na hukumar Magnum ya yi aiki a Sin da Kongo da Iraƙi da ƙananan Olympus C-5050 masu megafiksel 5, manyan mujallu kuma suka buga hotunansa. Wannan ya nuna cewa tun wannan shekara yawan ɗigo ya riga ya wadatar da aikin ƙwararru.

3. Tseren megafiksel (2003-2009)

3.1. A nan ne ma'auni ya rabu da abin da yake aunawa. Lamba ta ci gaba da hawa: 5 a 2003, 7 ko 8 a 2005, 12 a 2007, sama da 14 a 2008, 16 a 2011. Faranti kuwa bai ƙaru ba. Wanda ya fi yawa a ƙarshen wannan zamani, mai suna 1/2,3 na inci, faɗinsa milimeta 6,17 ne sau 4,55, watau kusan milimeta murabba'i 28. Ƙwayar fim ta milimeta 36 sau 24 tana da 864, ninki talatin ke nan. Sunan kansa yana ruɗarwa, don an gaje shi daga kwalaben kamarorin talabijin na da, inda ake auna faɗin kwalbar daga waje. Abin da ake kira faranti mai «inci ɗaya» kusan milimeta 16 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, alhali inci milimeta 25,4 ne.

Misalin da ya fi kusa shi ne gonar gado. In aka raba gona ɗaya ga magada biyu, sannan ga goma sha shida, ruwan da ke sauka a kanta bai ƙaru ba, rabon kowa ne ya ragu, iyakoki kuma suka ci wani ɓangare na ƙasar. A Coolpix 950 faɗin ɗigo guda kusan mikiron 4 ne (mikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimeta). A farantin megafiksel 16 ya koma 1,3, watau filinsa ya zama kusan kashi ɗaya cikin tara. Shi kuwa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ba bisa tsari ba, kuma kuskuren ƙidayarsa yana bin tushen murabba'in adadin. Ɗigon da ya tara ƙwaya dubu 10 kuskurensa 100 ne, kashi 1 cikin ɗari. Wanda ya tara 100 kuskurensa 10 ne, kashi 10 cikin ɗari. Wannan kuskure shi ne tsaki. A yau an san cewa in an buga hotuna biyu a girma ɗaya, faɗin faranti gaba ɗaya ne ya fi yanke hukunci a kan tsaki, fiye da girman ɗigo guda. Ma'anar haka ita ce ƙarin ɗigo bai cika ɓata hoto ba, amma kuma bai kawo ribar da aka yi alkawari ba, tunda gonar tana nan yadda take.

3.2. Iyaka ta biyu tana wajen ido. Tun 1835 George Airy ya nuna cewa haske in ya bi ta ƙaramar kafa yakan bazu, ta yadda ɗigon haske guda ke sauka a matsayin ɗan da'ira. A buɗin f/2,8 faɗin da'irar kusan mikiron 3,8 ne. A f/5,6, inda yawancin ƙananan kamarori ke kaiwa in an janyo abu daga nesa, ya kai 7,5. Ke nan da'ira guda tana rufe faɗin ɗigo fiye da biyar na farantin megafiksel 16. Ƙari a kan haka, don a ninka tantancewa sau biyu sai an ninka ɗigo sau huɗu; tashi daga megafiksel 8 zuwa 12 kashi 22 cikin ɗari kawai yake ƙarawa a kowane gefe, ko da ido ya iya kawowa.

Domin su ɓoye tsaki, kamfanoni suka sa na'ura ta riƙa shafe hoto, sannan ta ƙara wa gefunan abubuwa kaifi na ƙarya. Abin da shafewar ke fara cinyewa shi ne ƙananan zane marasa ƙarfin launi: gashi, ciyawa, saƙar tufafi, zanen fuska. Hoto yakan yi kyau daga nesa, in an matso sai a ga kamar an zana shi da ruwa.

3.3. An samu masu ja da baya. Fujifilm F30 ta 2006 ta tsaya a megafiksel 6,3 bisa faranti mai ɗan girma, ta kuwa yi suna wajen ɗauka cikin duhu; shekara guda bayan haka kamfanin ya bi sahun kasuwa da F50fd mai 12. David Pogue na jaridar New York Times ya buga hoto ɗaya sau uku, daga megafiksel 5 da 8 da 13, kowane kusan santimeta 40 sau 60, ya nuna wa masu wucewa, mafi yawansu kuma suka kasa bambantawa. Ya ba da labarin a farkon 2007. Panasonic LX3 ta 2008 ta tsaya a 10, ta zuba ƙarfinta a ido mai buɗin f/2. Canon kuwa, bayan G10 mai 14,7 a 2008, ya fitar da G11 mai 10 a 2009. Saukowar babban kamfani daga lamba zuwa ƙasa da ita amsa laifi ne a aikace.

3.4. Me ya sa lambar ta daɗe haka? Akwai ma'auni na gaskiya tun 2000, watau ƙa'idar ISO 12233, wadda ke auna yawan layukan da kamara ke iya rarrabewa da ido da faranti da lissafi gaba ɗaya. Amma sakamakonta jadawali ne mai buƙatar bayani, ita kuwa megafiksel lamba ɗaya ce da ke hawa kowace shekara, mai sauƙin bugawa a kwali da sauƙin kwatantawa a shago. A fannin harshe wannan shi ne abin da ake kira «métonymie»: ɓangare ya ɗauki sunan duka, har aka wayi gari ana tambayar kamara «nawa ce» ana nufin ɗigo. Ci gaban da ya amfani mai ɗauka a waɗannan shekaru, irin su maganin rawar hannu da aka sa cikin ido, da saurin daidaitawa, da ƙarfin batir, ba su samu lamba mai farin jini irin wannan ba. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

4. Abin da ma'auni bai auna ba

4.1. Ƙaramar kamara ita ke zaɓar yawan hasken da za ta bari ya shiga, bisa zaton cewa duk abin da ke gabanta in an gauraya shi zai ba da toka-toka matsakaici. Ƙaramin faranti kuwa tazararsa tsakanin mafi duhu da mafi haske gajera ce, JPEG kuma matakai 256 kaɗai yake da su ga kowane launi. A ɗauki mutum baƙar fata sanye da farar babbar riga, tsaye cikin ranar azahar. In na'ura ta bi riga, fuska ta nutse cikin duhu, inda tsaki ya fi yawa kuma shafewa ta fi ɓarna. In ta bi fuska, aikin allurar da ke ƙirjin riga ya ƙone ya zama fari fat. Wannan yanayi, wanda shi ne na kowace ranar salla a Maraɗi ko Damagaram, ba ya cikin gwajin da ake yi wa kamara a ɗakin bincike.

Matsalar ta girmi dijital. Lorna Roth ta nuna a 2009 yadda Kodak ya shafe shekaru yana raba wa ɗakunan wanke hoto katin daidaita launi mai ɗauke da hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley; sai a shekarun 1990 aka fitar da mai mata masu launin fata daban-daban. Da dabarar gane fuska ta shigo ƙananan kamarori daga 2005, abin ya sake bayyana: a 2009 da 2010 an ba da rahoton wata Nikon Coolpix da ke tambayar ko wani ya ƙifta ido in ta ɗauki ƴan asalin gabashin Asiya, da kuma kamarar kwamfutar HP da ta kasa bin fuskar baƙin mutum. Sai a 2021 Google ya tallata gyaran launin baƙar fata a matsayin wani ɓangare na inganci, da sunan Real Tone.

4.2. Na biyu shi ne zafi da ƙura. Littafin bayanin yawancin ƙananan kamarori yana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a Tawa ko Yamai yakan haura 40. Faranti yana tara wutar ƙarya ko babu haske, kuma yawanta yana ninkawa a duk ƙarin digiri 6 zuwa 8. A 2005 Sony ya sanar cewa wasu farantansa na CCD da aka ƙera tsakanin 2002 da 2004 suna lalacewa, musamman a wurare masu zafi da laima, abin da ya shafi kamarorin Canon da Nikon da Fujifilm da wasunsu da suka saya daga gare shi. Shi kuwa ido mai fita yana komawa, zugazugi ne: duk fitarsa yana zuƙo iska, a lokacin hunturu kuma iskar da ƙura take zuwa, ta cije ƙananan haƙoran roba ko ta zauna bisa faranti inda hannu ba ya kaiwa. Kamarori masu rufaffen jiki, irin Olympus 720 SW ta 2006, don masu ninƙaya aka yi su, amma sun fi dacewa da Sahel fiye da waɗanda suka fi su lamba.

5. Faɗuwa (2010-2023)

5.1. Wadda ta kayar da ƙaramar kamara ba ta fi ta kyan hoto ba a lokacin. Wayar Sharp J-SH04 ta Nuwamba 2000 ɗigo dubu 110 take da shi; iPhone ta 2007 megafiksel 2. Da Instagram ya fito a Oktoba 2010, yana rage kowane hoto zuwa ɗigo 612 sau 612, watau kusan dubu 375, ɗan sama kaɗan da abin da QuickTake ke bayarwa a 1994. A daidai shekarar da shaguna ke sayar da megafiksel 14, jama'a suka koma ga hoton da bai kai rabin megafiksel ba, domin yana isa ga ƴan uwa nan take. Darasin QV-10 ne ya maimaita kansa: inganci ya koma ma'anar saurin isa.

5.2. Daga baya waya ta cike giɓin ta hanyar lissafi. Farantin CMOS, wanda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a ɗakin binciken JPL na hukumar NASA a farkon shekarun 1990, yana karanta hoto da sauri kuma ba ya shan wuta kamar CCD. Wannan ya ba da damar ɗaukar hotuna da yawa a jere a haɗa su wuri ɗaya, kamar yadda Google ya yi da HDR+ a 2014 da Night Sight a 2018. Dokar tushen murabba'i da muka gani a 3.1 ita ce ke aiki a nan: haɗa hoto tara yana rage tsaki zuwa sulusi. Gonar ba ta ƙaru ba, amma an girbe ta sau tara.

5.3. Masu ƙera kamara suka mayar da martani da abin da ya kamata su yi tun farko, watau faɗaɗa faranti. Sigma DP1 ta fito a 2008, Fujifilm X100 a 2011, Ricoh GR mai babban faranti a 2013. Sony RX100 ta 2012 ta saka faranti mai milimeta murabba'i 116, ninki huɗu na wanda aka saba, cikin jikin da ke shiga aljihu. Waɗannan su ne ƙananan kamarori mafi kyan hoto a zamaninsu, amma yawancinsu sun zo bayan kasuwa ta fara watsewa. Kodak, wanda ya kasance na ɗaya wajen sayar da kamarar dijital a Amurka a 2005, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Janairu 2012, ya kuma daina ƙera kamara a shekarar. Casio, mai QV-10, ya fita a 2018.

Daga wajen 2022 matasa a Amurka da Turai da Japan suka fara neman tsofaffin kamarorin shekarun 2000 a kasuwar gwanjo, suna yaba musu saboda tsakin da ƙonewar hasken da injiniyoyi suka yi shekara ashirin suna yaƙa. Aibi ya koma ado saboda ya zama alamar wani zamani.

6. Kammalawa

Mun ga ma'anoni huɗu na kalma ɗaya: a gane fuska (1975), a cika takarda (1995-2002), a fi maƙwabci lamba (2003-2009), a isa da wuri (daga 2010). A cikin huɗun, na biyu kaɗai ne lambar megafiksel ta auna da gaskiya. Abin da wannan ke nufi ga mai bincike muna iya taƙaita shi a wurare uku.

Na farko, iyakar abin da hoto ya riƙe. Shafin takarda mai girman A4 yana buƙatar ɗigo miliyon 8,7 kafin ya kai ƙa'idar 300 a inci. Kamarar megafiksel 3 kusan 175 take ba shi, kafin JPEG da shafe tsaki su ci nasu rabo. Duk wanda ya taɓa karanta takardun ajami irin waɗanda ke ajiye a sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar IRSH a Yamai ya san cewa ɗigon tawada guda ke raba harafi da harafi. A boko ma ƴar lanƙwasa ce ke raba ɗ da d, ƙ da k. Irin waɗannan ƙananan alamomi ne lissafin kamara ke ɗauka a matsayin tsaki. In karatu ya dogara ga ɗigo guda a hoton wancan zamani, a koma ga takardar kanta.

Na biyu, kwanan wata. Tun 1995 tsarin Exif yana rubuta sunan kamara da ranar ɗauka da sa'a cikin hoto. Da wannan bayani ne Brent Pack, mai binciken laifuka na sojan Amurka, ya jera hotunan gidan yarin Abu Ghraib na 2003 bisa lokaci, amma sai da ya fara daidaita agogon kamarorin da juna, don ba su zo ɗaya ba. Ranar da ke cikin hoto ranar agogon kamara ce, agogon kuwa mai ita ne ya saita shi, ko bai saita ba. In batir ya daɗe a cire sai ya koma ranar da aka sa masa a masana'anta.

Na uku, asali da kwafi. Hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook an sake matse shi, an kuma share masa bayanan Exif. Duk sake ajiye JPEG bayan gyara yana ƙara zubar da wani abu. Katunan SmartMedia da xD da faifan Mavica kuwa, na'urorin karanta su sun yi wuyar samu. Muna ganin ya dace duk wanda ke da hotunan bincike na waɗannan shekaru ya nemo fayil na asali, ya kwafe shi wuri biyu ba tare da ya taɓa shi ba, ya kuma rubuta a gefe sunan kamara da wurin ɗauka da ranar da shi ya tabbatar. Haka nan, kamar yadda ake tambayar ɗalibi wanda ya ba shi labarin baka da shekarunsa da garinsu, ya kamata a riƙa tambayarsa kamarar da ta ɗauki hoton da ya sa cikin kundinsa, da hanyar da hoton ya bi kafin ya iso hannunsa.